A Koya Wa Ɗalibanmu Kai Ƙara

A kowace shekara idan manyan makarantu suka buɗe, yara da yawa daga gidajen 'yan Arewa mazauna Kudu sukan ɗaure kayansu su nufi jami'o'i da kwalejoji. Waɗansu daga Agege da Idi-Araba da Obalende a birnin Ikko suke fita, waɗansu daga Sabon Badun da na Shagamu da na Abekuta, waɗansu kuwa daga Ama Hausa ta Owerri ko kasuwar shanu ta Lokpanta. Yawancinsu a nan Kudu aka haife su, suna jin Yarabanci ko Ibo kamar 'yan gari, iyayensu kuwa da guminsu suka tara kuɗin makarantar, wani da sayar da goro, wani da canji, wani da gadi, wani da fataucin dabbobi. Kafin yaro ya fita, akwai huɗubar da kusan kowane uba yakan yi masa: ka tuna kai baƙo ne, ka yi haƙuri, ban da rigima, abin da ya kai ka shi ne karatu.

Wannan huɗuba babu laifi a cikinta, kuma da ita iyaye da kakanni suka zauna lafiya a ƙasashen nan tun zamanin fatake. Amma a ganinmu akwai magana ɗaya da ta rage ba a haɗa da ita ba, ita ce kuwa: idan aka cuce ka saboda ƙabilarka ko addininka ko jihar da iyayenka suka fito, to ka kai ƙara, a rubuce, inda ya dace, kuma da wuri. Haƙurin da ake nufi shi ne kada mutum ya rama da hannunsa. Ba a ce ya ɓoye abin da aka yi masa ba, domin barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ya kamata tun farko ɗalibi ya san irin laifin da muke magana a kai. Idan ɗalibai biyu suka yi faɗa a kan guga a bakin famfo, wannan faɗa ne irin na zaman tare, wanda ake yi a ko'ina. Amma idan aka tare yaro aka doke shi ana ambaton ƙabilarsa, ko aka fizge wa yarinya hijabi, ko aka fasa akwatin wani aka yaga littafinsa mai tsarki, ko aka rubuta barazana a ƙofar ɗakinsa cewa irinsu su bar makarantar, ko aka ɓata masallaci ko majami'ar ɗalibai, to a nan abubuwa biyu ne suka haɗu. Akwai laifin da doka ta riga ta sani, watau duka ko ɓarna ko barazana, sa'an nan akwai dalilin da ya sa aka zaɓi wannan mutum aka bar wancan. Wannan dalilin shi ya mai da shi laifin ƙiyayya, kuma shi ya sa ya fi faɗan guga hatsari, domin wanda aka doka mutum ɗaya ne, amma saƙon an aika shi ne ga duk wanda ya yi kama da shi.

Akwai kuma waɗansu abubuwa da ba su kai a gurfanar da mutum gaban alƙali ba, amma dokokin makaranta sun hana. Misali, a riƙa kiran yaro "aboki" da sigar wulaƙanci a tsakiyar aji, alhali kowa ya san a bakin waɗansu kalmar ta tashi daga ma'anarta mai kyau ta koma zagi. Ko malami ya mai da sunan wata ƙabila abin ba'a a duk lokacin da ya shiga aji. Ko a ƙi zama ɗaki ɗaya da ɗalibi don an ga sunansa. Irin waɗannan su ma a kai su gaban hukumar makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da wuya a ga an fara da duka ba a fara da baƙar magana ba.

Mun san dalilan da ke sa ɗalibai yin shiru, ba kuwa dalilan banza ba ne. Wani yana tsoron malamin da zai kai ƙara shi ne zai duba takardar jarrabawarsa. Wani yana tsoron 'yan ƙungiyoyin asiri da suka addabi makarantu da yawa. Wata tana jin kunyar a yi ta nuna ta da yatsa. Wani kuwa ya riga ya yanke wa kansa cewa ko ya kai ƙara babu abin da za a yi, tunda wanda zai saurare shi ɗan'uwan wanda ya cuce shi ne. Ba mu musun cewa akwai ofisoshin da takarda ke shiga ta kwana har abada. Amma duk da haka, sai a auna wannan da abin da shirun ke jawowa.

Na farko, wanda ya yi abu ya ga ya kwana lafiya, gobe zai ƙara, kuma zai ƙara da wanda ya fi na jiya. Na biyu, ranar da abin ya girma aka tambayi hukumar makaranta, amsar da za ta bayar ita ce babu wanda ya taɓa kawo mata kuka, kuma babu mai iya ƙaryata ta. Na uku, wanda ya fi duka muni, labarin da bai shiga littafin jami'in tsaro ba ba mutuwa yake yi ba. Yakan bi ta WhatsApp da Facebook, ya isa tashar mota da kasuwa, kafin ya kai Kano ko Sakkwato mari ya zama kisa, mutum ɗaya ya zama goma. Daga nan sai waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba su biya bashin, a can Arewa da nan Kudu. Wanda ya ga abin da ya faru a Sabon Ile-Ife cikin watan Maris na 2017, ko a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, ba sai an gaya masa yadda saɓanin mutum biyu ke cinye unguwa ba.

Tarihin ƙasan nan ya nuna wutar da ta tashi a makaranta ba ta tsayawa a bakin ƙofa. A cikin watan Maris na 1987, rigima ta tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan a kan wani wa'azi. Cikin 'yan kwanaki ta fita gari, ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone wuraren ibada, har gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Bayan shekara 35, ranar 12 ga Mayu 2022, ɗalibai suka kashe wata 'yar'uwarsu ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, a kan wata magana da ta yi a zauren WhatsApp na ajinsu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, aka rufe kwalejin, aka sa dokar hana fita a gari. Duk wanda maganar ta ɓata wa rai yana da ƙofar hukumar makaranta, yana da ƙofar kotu, amma aka bar su aka ɗauki dutse. Darasin da ke ciki ɗaya ne: inda ba a koya wa matasa kai kuka ba, ko ba su amince da inda za su kai ba, to da hannunsu za su yi hukunci.

Waɗansu ƙasashe sun ɗanɗana irin wannan, suka yi wa abin doka. A Amurka, cikin watan Afrilu na 1986, wani ɗalibi ya kashe wata ɗaliba mai shekara 19, Jeanne Clery, a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh ta Jihar Pennsylvania. Daga baya iyayenta suka gano an aikata munanan laifuffuka 38 a makarantar cikin shekara uku kafin wannan, ba tare da an sanar da ɗalibai ko iyayensu ba. Suka tsaya tsayin daka har majalisar ƙasar ta yi doka a 1990, wadda aka sa wa sunan 'yar tasu a 1998. Dokar ta tilasta wa duk makarantar da ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya ta ajiye littafin da ake rubuta laifuffukan da aka kawo ƙara, wanda kowa ke iya dubawa, ta gargaɗi ɗalibai da gaggawa idan akwai hatsari, sa'an nan kowace shekara, kafin 1 ga Oktoba ta wuce, ta buga rahoton laifuffukan shekara uku. A cikin rahoton dole a ware laifuffukan ƙiyayya dabam, a faɗi ko saboda launin fata ne, ko addini, ko ƙabila, ko ƙasar asali, ko jinsi, ko nakasa. Makarantar da ta ɓoye kuwa tara ake cin ta: a 2024 an ci Jami'ar Liberty tarar dala miliyan 14. Dokar ba ta kawar da ƙiyayya daga Amurka ba, amma ta hana shugabannin makaranta cewa ba su sani ba.

A Ingila kuma, bayan da waɗansu samari farar fata suka kashe wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, a birnin Landan a 1993, 'yan sanda suka yi sakaci da binciken, an kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani tsohon alƙali, Macpherson. Rahotonsa na 1999 ya kawo wata ƙa'ida mai amfani: idan wanda abin ya shafa, ko wani da ya gani, ya ɗauka wariya ce ta jawo, to haka za a rubuta shi, bincike ya biyo baya. Watau mai karɓar ƙara ba shi da ikon korar mutum da cewa ai wasa ne ake yi masa.

Mu a Nijeriya ba mu da doka guda mai wannan suna. Ƙudurin hana kalaman ƙiyayya da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kai Majalisar Dattawa a 2019 ya sha suka saboda hukuncin kisa da ke cikinsa, bai kuwa zama doka ba. Amma kada wannan ya sa ɗalibi ya zaci ba shi da madogara. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama a duk inda ya so a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a tauye shi saboda ƙabila ko wurin asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 38 ya ba shi 'yancin addini, har ya hana a tilasta wa ɗan makaranta shiga ibadar addinin da ba nasa ba. Sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu idan an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan. Duka da barazana da ɓarnar dukiya laifuffuka ne a dokokin Kudu da na Arewa baki ɗaya. Har ila yau, sashe na 26 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10, ga mai yi wa mutane barazana ko zagi a bainar jama'a ta hanyar kwamfuta ko waya saboda ƙabilarsu ko addininsu.

Wanda ke shakkar ko kai ƙara na da amfani, sai ya tuna shari'ar hijabi ta Jihar Legas. Waɗansu 'yan mata biyu 'yan sakandare, tare da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, suka shigar da ƙara a 2013. Babbar Kotu ta ba su rashin gaskiya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da haƙƙinsu ranar 17 ga Yuni 2022. Shekara tara ba kwana tara ba ne, amma abin da takarda ta samo ya zauna, kuma babu ran da ya salwanta a kansa. Da jifa aka nema, da har yanzu ana jifa.

To, yaya ɗalibi zai yi idan abin ya same shi? Da farko ya tsira da ransa, ya bar wurin, kada ya tsaya musayar baki, kada ya kira abokai a zo a rama. Idan hatsarin na nan tsaye, ya nemi jami'an tsaron makaranta ko ya buga lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Idan an ji masa ciwo, ya tafi asibitin makaranta a ranar, ya karɓi takardar likita, domin rauni yana warkewa, takarda kuwa tana nan.

Na biyu, tun kafin ya kwanta ya rubuta abin da ya faru: rana, da lokaci, da wuri, da waɗanda suka gani, da ainihin kalmomin da aka faɗa, a cikin harshen da aka faɗe su, ko da munana ne. Waɗannan kalmomi su ne shaidar dalili, in babu su sai a ce faɗan yara ne. Idan rubutu ne a bango, ya ɗauki hotonsa kafin a goge. Idan saƙon waya ne, ya ɗauki hotonsa ya ajiye, kada ya share don fushi, kada kuma ya watsa shi a duniya.

Na uku, ya kai ƙarar a rubuce ga ofishin tsaron makaranta da ofishin shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, idan kuwa a ɗakin kwana abin ya faru, har da malamin da ke kula da ɗakunan. Ya yi kofe biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya ya riƙe. Ya faɗa a fili cewa yana ganin saboda ƙabilarsa ko addininsa aka yi masa haka, ya kuma faɗi abin da ya sa yake ganin haka. Idan malami ne yake ƙara, ya nemi a ba wani malamin duba takardunsa na jarrabawa. Idan akwai duka ko makami ko barazanar kisa, to kwamitin ladabtarwa na makaranta bai isa ba, sai an haɗa da caji ofis, kuma ya tafi da wani babba ko lauya.

Na huɗu, idan kwanaki suka wuce bai ji komai ba, ya sake rubutawa, ya ambaci takardar farko, ya aika wa magatakardar makaranta da shugabanta. Idan nan ma shiru, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da ke aiki tun 1975, akwai kuma Hukumar Ba da Taimakon Lauya ta 1976 ga wanda ba shi da kuɗin lauya. Dukkansu suna da ofisoshi a jihohi.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Yadda ɗanmu ke jin zafin "aboki" a Nsukka ko Akoka, haka ɗan wani ke jin zafin "nyamiri" da "arne" a Zariya ko Kano ko Maiduguri. Ɗalibin da ya ga ɗan garinsu yana cin zarafin wani ya rufa masa asiri, ba shi da bakin kuka ranar da aka juyo kansa. Kuma shaidar da ta fi nauyi a gaban kowane kwamiti ita ce ta wanda ya tsaya wa wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Haka nan muna gargaɗi a kan ƙarar ƙarya. Wanda ya faɗi jarrabawa don bai yi karatu ba, ko budurwa ta ƙi shi, sa'an nan ya lulluɓe abin da rigar ƙabilanci, ya cuci duk wanda zai zo bayansa da kuka na gaskiya, ya kuma cancanci horo.

Saboda haka muna kira ga shugabannin jami'o'i da kwalejoji, na Kudu da na Arewa, da su sa wannan bayani cikin abin da ake gaya wa sababbin ɗalibai a makon farko, kamar yadda ake nuna musu laburare da wurin biyan kuɗi. A ware ofis guda da kowa ya sani, a sa mutane daga ɓangarori dabam-dabam, da mace a ciki, a ba mai ƙara lambar takardarsa, a yanke masa ranar da zai ji amsa, a kuma kare shi daga ramuwar gayya. Muna kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da takwarorinta masu kula da kwalejojin fasaha da na ilmi, su wajabta wa kowace makaranta ajiye littafin irin waɗannan ƙararraki da buga adadinsu kowace shekara. Wannan ba ya bukatar hukuncin kisa, ba ya bukatar maƙudan kuɗi. Littafi ne da alƙalami da gaskiya. Shugaban da ke tsoron kada adadi ya ɓata sunan makarantarsa, ya tuna gawa ta fi adadi ɓata suna.

Ƙungiyoyin ɗalibai, na Musulmi da na Kirista da na 'yan jihohi, su ma akwai nasu aikin. Maimakon kowace ta tsaya jiran ranar da za ta fitar da sanarwar fushi, shugabanninsu su san juna tun ana zaman lafiya, su riƙa raka mai ƙara ofis tare, su kuma zama na farko wajen ƙaryata jita-jita.

Daga ƙarshe muna komawa ga iyaye da Sarakunan Hausawa da limamanmu na garuruwan nan. Idan yaro ya zo da kuka, kada a ce masa ya yi shiru kawai, kada kuma a kwashi maganar a kai tasha. A tambaye shi ko ya rubuta, ko an buga masa hatimi, a sa riga a raka shi. Yaron da aka haifa a Mushin, ya ci jarrabawa da ƙoƙarinsa, ya biya kuɗin makaranta kamar kowa, ba alfarma ake yi masa ba da aka bar shi ya zauna a aji. Ɗan ƙasa ne a cikin ƙasarsa, kuma ɗan ƙasa idan an cuce shi hukuma yake nufa. A ƙara wannan cikin huɗubar bakin ƙofa.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.